Amsa kan gasar Norseman: ba nisan ne ke kayar da mutane ba

Malam, ka tambaya ko Norseman ta ƙasar Norway daidai take da Ironman, wato gasar da ke haɗa iyo, keke da gudu a jere, tunda nisan ɗaya ne. A lissafi haka ne: iyo kilomita 3.8, keke 180, gudu 42.2. Amma wallahi wahalar ta bambanta.

Da ƙarfe biyar na asuba ake dirowa daga jirgin ruwa cikin Hardangerfjord, wani reshen teku da ya shiga tsakanin duwatsu, kusa da garin Eidfjord. Sanyin ruwan yakan kai digiri 13 zuwa 15, shi ya sa ake fesa wa 'yan gasa ruwan sanyi kafin su dira, don kada numfashi ya sarƙe su haɗiyi ruwa. A 2015 ma sai da aka rage iyon zuwa rabi saboda sanyi.

Daga nan keke ya haura tudun Hardangervidda, ga iska, ga jiƙaƙƙen jiki. Gudun kuma yana ƙarewa ne a ƙolin dutsen Gaustatoppen, mai tsayin mita 1,883. Mutum 160 na farko kaɗai ake bari su hau, su karɓi baƙar rigar kammala gasa, sauran kuwa farar riga.

Idan da gaske kake son yin gasar, fara sabawa da ruwan sanyi a hankali, kuma kada ka taɓa shiga ruwan kai kaɗai.