Zanen haruffa a kan ƙyalle: gado ne ko kwaikwayo?

Tambaya: Wani ɗalibi daga unguwar Fagge ya ce yana ganin matasa masu zane suna jera haruffan Larabci a kan ƙyalle da fata, suna cewa asalinsu suke nunawa. Shin wannan gadonmu ne, ko yayi ne da aka ɗauko daga waje?

Amsa: Ɗan'uwa, yayin daga waje ya zo, amma kayan aikin muna da su tun kaka da kakanni. A tsakiyar ƙarni na 20 ne masu zane a ƙasashen Larabawa da Sudan suka fara ciro harafi daga littafi suna gina hoto da shi, salon da ake kira hurufiyya. Ibrahim El-Salahi, mai zanen da aka haifa a Omdurman ta ƙasar Sudan a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne da ya yi karatun zane a Landan, kuma da ya ga mutanen ƙasarsu ba su damu da abin da ya koyo ba, sai ya koma wa rubutun da ya tashi a cikinsa. Wannan aikin ne gidan baje kolin zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya baje kolinsa a 2013.

Inda nake da ja da matasanmu shi ne, da yawansu salon rubutun Larabci na sulusi da diwani suke kwafa daga waya, rubutun da ya bunƙasa a hannun Turkawan daular Usmaniyya, alhali Kano tana da nata hannun. Ka buɗe Alƙur'ani bugun Warshu irin na marigayi Sharu Bala Gabari, marubucin Alƙur'ani na Kano, za ka ga harafi mai kauri da ya zauna daram a kan layi, wasali da jar tawada, hamza kuma ɗigon rawaya. Ka kuma dubi allon zayyana da ake yi wa yaro ranar sauka, yadda ake cika fili da dagi da murabba'i cikin ja da kore, ba tare da an zana wata halitta ba. Wanda ya zauna gaban alaramma har ya iya fiƙe alƙalami da haɗa tawada da ƙaro, ko da ya karya ƙa'ida daga baya, ana gane cewa da sani ya karya ta.

Haka batun rini da dukanci. Idan mai zane ya kai ƙyallensa karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, ko ya sa badukun Kurmi ya gyara masa fata, to ya kamata sunan marinin da na badukun su fito tare da nasa a wurin baje koli, a kuma biya su daidai da wahalarsu. Wannan ba kasafai ake yi ba.

Ayoyi kuwa a yi hattara da su, domin mai zane bai san inda za a rataye aikinsa bayan an saya ba. Baitocin waƙoƙin ajami da karin magana sun ishi mai neman abin rubutawa.