Amsa kan zuwa gonakin inabin Lavaux ga wanda ba ya shan giya

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce taro zai kai ki Jeneba ta ƙasar Suwizalan, kina da yini guda babu aiki, abokan tafiya sun ce a je Lavaux, ke kuma kina ɗari-ɗari tunda an ce yankin masu giya ne. Na yi zaman karatu a Lausanne, kuma Lavaux ne wurin shan iskata. Shawarata ki je. Gaskiya ne giya ake yi da inabin, amma abin kallon a fili yake, ba a ɗakin ɗanɗano ba, kuma babu mai tilasta miki shiga.

Daga Jeneba jirgin ƙasa zai kai ki Lausanne cikin kamar minti 40, sai ki canza zuwa Vevey, ki hau ɗan jirgin da ke hawa tudu zuwa Chexbres. Daga can ki gangaro da ƙafa zuwa Saint-Saphorin ko Rivaz. Kada ki yarda a ce a fara daga ƙasa, hawan yana cin gwiwa sosai.

Gonakin hawa-hawa ne, an tare kowace da katangar dutse, kusan hekta 830 a gefen tafkin Jeneba. Tun ƙarni na 11 malaman coci suka fara sassaƙa tudun, UNESCO kuma ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2007. Manoman suna cewa rana uku ce ke nunar musu da inabi: ta sama, da hasken da ruwan tafkin ke maidowa, da zafin da katangu ke riƙewa su saki da dare. Ki ɗora tafin hannunki a kan katanga da la'asar, za ki ji ɗuminta. Wannan ne ya fi burge ni, domin duk wanda ya taɓa noma ya san wahalar da ke cikin ɗaga dutse a gangare irin wannan. Idan tafiyar ta faɗo ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, za ki tarar ana tsinkar inabin da hannu. Kada dai ki tsinka, gonakin mutane ne.

Sauran lokacin ki ba tafkin. Akwai tsofaffin jiragen ruwa masu tafiya da tururi, daga cikinsu ne ake ganin tudun gaba ɗaya. A Vevey akwai ƙaton cokali mai yatsu a tsaye cikin ruwa da mutum-mutumin tsohon ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin a bakin tafkin, hoto ɗaya ya isa. Fadar Chillon da ke gaba da Montreux ta fi su cancantar lokacinki.

Batun abinci ne nake so ki kula. Narkakken cukun nan da suke kira fondue, da farar giya ake haɗa shi, mutane da yawa ba su sani ba. Ki nemi soyayyen kifi, filets de perche, ki tambaya ko an sa giya a romonsa. Abin sha kuwa ki ce jus de raisin, ruwan inabi ne zalla. Ki sa takalmi mara tsini, ki ɗauki dardumar salla da gorar ruwa, idan kuma Lahadi ce ki sayi guzuri a tashar jirgi, don yawancin shaguna a rufe suke. Allah ya kai ki lafiya.