A Jazira, ɗan haya shi ne mai gona

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce a Kano kuna ƙoƙarin haɗa kan 'yan haya saboda masu gidaje da dillalai sun matsa muku, kana son jin ko mu ma nan Sudan akwai irin wannan ƙungiya. Sai ka ƙara da cewa ƙila ba a barin mu shiga tunda baƙi ne mu. Wannan wutsiyar da ka liƙa ce ta sa na zauna zan ba ka amsa da tsawo. A nan aka binne kakana, a nan aka binne ubana, ni ma ga furfura ta cika gemu. Baƙuntar ta yi nisa.

Mu a Jazira in aka ce ƙungiyar 'yan haya, babu wanda hankalinsa zai tafi ga ɗaki da kuɗin wata. Gona ake nufi. Bayan Turawan Ingila sun gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gwamnati ta karɓi hayar filayen da ke tsakanin kogunan Nilu biyu daga hannun masu su, ko suna so ko ba sa so, a kan kuɗi kaɗan. Ta yayyanka su, ta jawo ruwa, ta raba wa mutane su noma auduga. Kowane yanki sunansa hawasha, mai riƙe da shi kuma muzari'i. Daga baya girman hawasha ya tsaya a faddan 40, faddan ɗaya kuwa ya ɗara eka da kaɗan, kuma 10 ne na auduga kowace shekara. Muzari'i ba shi da ikon sayar da ita, ba shi ke zaɓen abin da zai shuka ba, ranar shuka da ranar ban ruwa duk sai abin da mufattishi, wato jami'in da ke duba gonakin, ya faɗa. In an sayar da auduga an cire kuɗin ɗawainiya, kashi 40 cikin 100 nasa ne, saura gwamnati da kamfanin Turawa su raba. Dawar da ya noma a gefe kuwa tasa ce shi ɗaya. Ka ga ɗan haya ke nan, amma a idon wanda ba shi da ko taki ɗaya, sarki ne.

Kakana daga ƙasar Haɗejia ya taso da ƙafa, da niyyar aikin hajji, da matarsa da jaki guda. Guzuri ya ƙare a Jazira, ya tsaya tsinkar auduga don ya tara na gaba. Ana nan farashin auduga ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930, 'yan ƙasa da yawa suka watsar da hawashoshinsu saboda bashi, Turawa suka shiga neman wanda zai riƙe. Mutanenmu ne suka karɓa, shi ma ya sami tasa. Hajjin sai bayan shekaru masu yawa ya yi shi, kuma da ya sauke farali nan ya dawo, bai wuce gida ba. Kakata har ta rasu tana yi masa gorin cewa ya ce mata damina ɗaya za su yi.

Shi ya sa labarin 1946 a gidanmu ba ji muka yi a makaranta ba. Akwai wani asusu da ake ta yankar kuɗin manoma ana zubawa, wai ajiya don shekarar da noma bai yi ba. Bayan yaƙin duniya rayuwa ta yi tsada, sai labari ya bazu cewa abin da ke ciki ya kai fam miliyan 1 da dubu 300. Manoma suka ce a ba su kuɗinsu. Aka ƙi. Sai suka bi ƙauye-ƙauye suna dafa Alƙur'ani cewa babu mai jefa irin auduga a ƙasa sai an biya. Kakana ya dafa tare da su. Yakan ce dare bai taɓa yi masa tsawo irin na lokacin ba, don in aka kori Balarabe daga hawasha ƙauyensu zai koma, shi kuwa ina za shi? Lokacin shuka yana ƙurewa, tilas hukuma ta sauko, aka fitar da fam dubu 400 aka raba.

Daga wannan rantsuwa ƙungiya ta samo tushe. A 1947 hukuma ta kafa majalisar wakilan manoma wadda take iya juyawa, manoma kuwa suka yi ta ja har ta zama tasu. A ƙarshen 1953 suka yi dafifi zuwa Khartum sai da aka amince da ita, ƙarƙashin Shehu Al-Amin Muhammad Al-Amin, wanda bayan juyin Oktoba na 1964 har minista ya zama. Kafin nan kamfanin Turawa ya tattara ya tafi a 1950, hukumar gwamnati mai hedikwata a Barakat ta gaje shi. Abin da ƙungiyar ke nema a fili yake: a ƙara kason manomi, a buɗe masa littafin lissafi ya ga abin da aka cire da dalilin cirewa, a ba shi kujera inda ake yanke farashi, a kawo rijiya da asibiti da makaranta ƙauyensa. Ta samu da yawa daga ciki. Da aka faɗaɗa aikin zuwa Manaƙil, faɗin gonakin ya haura faddan miliyan 2, ta zama ƙungiyar da kowace gwamnati ke shakkar taɓawa.

Kada ka ɗauka abin da daɗin baki aka same shi. A Fabrairun 1956, ƙasa da wata biyu bayan samun 'yanci, manoman Joda a gefen Farin Nilu suka hana audugarsu saboda ba a biya su ba. Aka kama su, aka cusa a ɗaki ɗaya a barikin Kosti aka rufe. Kafin gari ya waye kusan mutum 200 sun mutu don rashin iska. Har yau in dattijo ya ce Anbar Joda, wato wannan ɗakin, sai majalisa ta yi tsit.

To ga inda ke mana ciwo. Ƙungiyar ta masu hawasha ce, mu kuwa akasarinmu ba mu da ita. Irin su kakana tsiraru ne. Da auduga ta dawo da daraja, aka daina ba duk wanda ake kira Fallata ko Takari, wato irin mu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda asalinsa ke zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Ka lissafa da kanka: a 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, bayan nan ne ɗansa ya iso da jama'a suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar. Wato ko su ba su cika sharaɗin ba, balle na baya. An sassauta dokar daga bisani, amma rabon ƙasa ya riga ya wuce. Da kakana ya rasu, ubana ya yi ta zarya wurin wani jami'i don a mai da hawashar sunansa, kullum maganar ɗaya ce, ina jinsiyyarka, wato takardar zama ɗan ƙasa. Ƙarshenta wani aka ba. Ubana ya koma noma-mu-raba a cikin gonar da aka haife shi: ya noma gyaɗa da dawa, mai hawasha na zaune a inuwa, kaka ta yi a raba biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Masu irin wannan aiki, mu da mutanen Darfur da wasu, a kambo suke zaune, wato 'yan rugagen bukkoki a bakin magudanar ruwa. Filin ba naka ba ne, ba a yarda ka yi ginin ƙwarai ba, ruwan da dabba ke sha shi kake sha, tsargiya kuwa kusan kowane yaro ya yi ta. Ƙungiyar da ta yi kukan zaluncin Turawa ba ta cika son a tayar da maganar ladan ɗan ƙodago ba, wanzami dai ba ya son jarfa. Sai a 2013 'ya'yan kambo suka kafa tasu, Mu'utamarul Kanabi, suna neman a ba su filin zama mai takarda da makaranta da ruwa. In kana neman wadda ta yi kama da taku, ita ce. Ita kuwa tsohuwar ƙungiya ƙarfinta ya ragu tun da aka soke lissafin haɗaka, wato tsarin raba kuɗin auduga da hukuma, a farkon shekarun 1980, kowa ya koma biyan kuɗin ruwa da na ƙasa shi kaɗai. Dokar 2005 ta ba manomi damar shuka abin da ya ga dama, amma lokacin magudanan sun cushe da laka da ciyawa.

Ka kuma tambaya, cikin wasa wai, ko suna ba mu 'ya'yansu. A da, a'a. Mai hawasha zai ci tuwo da kai, ya bi ka salla in kai ne malamin, ya kawo maka ɗansa karatun allo, amma zancen aure ya taso sai ya tuna kai ɗan kambo ne. Ƙanen ubana ya nemi wata 'yarsu har ya rame, aka ce masa ba a san asalinsa ba, mutumin da ke iya lissafo kakanninsa bakwai. Mu ma fa kada mu wanke kanmu, tsofaffinmu ba sa son ba da mace waje, suna cewa in ta tafi harshe ya tafi. Yanzu a birane abin ya yi sauƙi. Ɗana na biyu 'yar Larabawan birnin Wad Madani yake aure, yarinyar kirki, ta koyi kaɗa miyar kuka, ko da yake danginta har gobe mamaki suke yadda muke cin ganyen, su 'ya'yan kawai suke jiƙawa su sha.

Jikokina Larabci ya fi zama a bakinsu, ban ɓoye maka ba. Na san in kun ji Hausarmu dariya kuke, kuna cewa ta cika ya'ani da khalas. Ni ma da na saurari muryar da ka turo, kusan rabinta Turanci ne, sai da na sa aka maimaita mini. A gidana ana suna ranar bakwai, wanzami na zuwa, amarya na shiga lalle, yara na gaida manya a durƙushe. Agashen da duk Sudan ke rububinsa, ka tambayi kowa hannun wa ya fito.

Da yaƙi ya ci Wad Madani a Disambar 2023 muka gudo Gadarif, wajen dangi. A cikin 'yan kayan da na tsira da su akwai wata tsohuwar takardar awon auduga mai sunan kakana, wadda ubana ya ajiye a cikin gafaka yana cewa wata rana za ta yi amfani. A nan ɗaki biyu muka kama, mu goma sha ɗaya, mai gidan kuma ya ƙara kuɗi sau uku cikin shekara guda. Saboda haka in kun gama rubuta ƙa'idojin ƙungiyar taku, ka turo mini in gani. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata daddawar da ta aiko bara ta iso.