Tambaya da Amsa: Haddar kalmomi ko sanin ma'anarsu a wasan Scrabble?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Zariya, kuma shekara biyu ke nan ina buga Scrabble, wasan haɗa kalmomin Turanci da ƙwayoyin haruffa a kan allo, da abokan aikina bayan an tashi daga makaranta. Akwai wani a cikinmu da yake cinye mu kullum da ƙananan kalmomi irin su QI da ZA da XU, amma idan aka tambaye shi ma'anarsu sai ya ce bai sani ba, ƙamus dai ya yarda da su. Shin ƙa'idar wasan ta halatta haka? Kuma ni da nake son in ƙware, hadda zan duƙufa a kai ko neman ma'ana?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka bai saɓa doka ba, domin abin da ake dubawa a gasa shi ne ko kalmar tana cikin jerin da aka amince da shi, wanda a Najeriya da yawancin ƙasashe shi ne na kamfanin ƙamus na Collins, kuma ba a neman ɗan wasa ya fassara abin da ya ajiye. Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya ci gasar duniya ta Scrabble a harshen Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci, hadda kawai ya yi. A shekarar ce kuma Wellington Jighere na Najeriya ya doke Lewis Mackay na Ingila a birnin Perth na Ostireliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambun duniya na Turanci.

Saboda haka ka fara da hadda, kuma ka fara da kalmomi masu harafi biyu, waɗanda adadinsu 127 ne a bugun Collins na 2019. Da su ne ake jera kalma a jikin wata kalma a ci maki ta fuska biyu, kuma su ne mafita idan Q ko Z, masu maki goma-goma, suka maƙale a hannunka.

Amma ban yarda a tsaya a nan ba, kuma dalilina na cikin wasan ne kansa. Ma'ana ita ce take nuna maka yadda kalma take karɓar ƙari. QI na nufin ƙarfin rayuwa a tunanin mutanen Sin, ZA kuma taƙaitaccen sunan abincin nan ne pizza, kuma dukansu suna karɓar S, a samu QIS da ZAS. XU kuwa ƙaramin kuɗi ne na ƙasar Biyetnam, jam'insa ba ya canzawa, don haka wanda ya ajiye XUS zai iya rasa zagayensa idan aka ƙalubalance shi. Haka JO, wadda ke nufin masoyi a Turancin Sukotlan, jam'inta JOES ne, kuma JOS ba ta shiga, domin sunayen garuruwa da na mutane ba su da gurbi a allon. Harafin S guda huɗu ne kacal a cikin ƙwayoyi 100 da ke jaka, asara ce babba a zubar da ɗaya a inda ba ya zama.

Akwai kuma wata dama da mu Hausawa muke da ita wadda ba kasafai muke lura ba. Mafi wahalar hali a wasan shi ne a riƙe Q babu U, kuma da yawa daga cikin kalmomin da suke fitar da mutum daga wannan ƙunci daga Larabci Turanci ya aro su, kamar yadda Hausa ma ta aro. QADI shi ne alƙali, QIBLA alƙibla ce, NIQAB niƙabi ne, FAQIR kuma faƙiri. Abin da Bature zai zauna ya haddace da ƙyar, kai ka tashi da shi tun makarantar allo, rubutunsa kawai ya rage ka riƙe. ZAKAT da HAJJ da IMAM duk sun halatta, haka NAIRA da KOBO da HARMATTAN, wato hunturu.

Ga dogayen kalmomi, ka tuna cewa wanda ya ajiye haruffansa bakwai a tashi ɗaya yana samun ƙarin maki 50, kuma nan ne ake yi wa abokin wasa nisa. Ka ɗauki haruffan A, E, I, N, R, S, T ka juya su, za su ba ka RETAINS da NASTIER da RETINAS da STAINER. Wanda ya san cewa STAINER suna ne, wato mai rina abu ko ɓata shi da tabo, ya san za a iya ƙara mata S, wanda kuma ya san NASTIER siffa ce ta kwatanci ba zai gwada hakan ba.

Shawarata ita ce ka tanadi ƙaramin littafi, duk kalmar da abokin nan naka ya ci ka da ita ka rubuta ta a ranar, ka sa ma'anarta da Hausa a gefe, sannan ka rubuta haruffan da za su iya shiga gabanta ko bayanta. A ƙarƙashin RAIN, alal misali, sai ka jera BRAIN da DRAIN da GRAIN da TRAIN, waɗanda ɗalibanka ma za su amfana da su a aji.