Baƙar waya ta jefar da ni a Birmingham, kawu kuma ya kai ƙarata gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi shekara 11 ina wayarin a Kaduna kafin in biyo matata Ingila. Kawuna ya kama shagon abinci a Birmingham, ya ce in ja masa sabbin layuka zuwa kicin, ba sai ya biya Bature ba. Ranar farko na kama wata baƙar waya a akwatin wuta, a zatona nutural ce, ta yi jifa da ni. Ba ni da takardar aikin wuta ta nan, amma wani ejan ya ce zai samo mini katin ECS, wato katin shaidar ƙwarewar ma'aikacin wuta, ba tare da jarrabawa ba. Da na ce a dakata, kawu ya kira Hajiya ya ce na fara girman kai. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu, Allah ya kiyaye gaba.

Idonka ne ya yaudare ka, don a kan tsohon tsarin Ingila ka koyi aiki, wanda har yanzu shi muka fi sabawa da shi a gida: ja mai wuta, baƙi nutural. Su kuwa masu tsarin sun bar shi. Daga 31 ga Maris 2004 aka ba da izinin sabbin launuka irin na sauran Turai, bayan 31 ga Maris 2006 suka zama dole. Yanzu ruwan ƙasa ne mai wuta, shuɗi nutural, kore mai ratsin rawaya na ƙasa.

A wuta mai fes uku, irin ta kicin ɗin kawunka, nan tarkon yake. Da, fes ukun su ne ja, rawaya da shuɗi, nutural baƙi. Yanzu ruwan ƙasa, baƙi da ruwan toka, nutural shuɗi. Ka ga baƙi da shuɗi musayar aiki suka yi. Baƙar da ka kama tana ɗauke da bolt 230, tsakaninta da 'yar'uwarta kuma 400. Ba a tilasta wa kowa ya cire tsoffin wayoyi ba, saboda haka a akwati ɗaya za ka iya tarar da baƙi biyu, ɗaya nutural, ɗaya mai kisa. An tanadi takardar gargaɗi da ake mannawa a irin wannan akwati, amma sau nawa na ga babu ita? Ko a gida mai fes ɗaya, wayar da ke dawowa daga makunnin fitila baƙa ce ko shuɗiya, kuma tana da wuta. Ya kamata a sa mata alamar ja ko ruwan ƙasa, sai dai malalata ba sa sawa.

Don haka launi ba shaida ba ne. Ka ajiye tastar nan mai kama da sukudireba. Sayi na'urar gwaji mai baki biyu. Kashe layin, sa masa kwaɗo, makullin yana aljihunka. Gwada na'urar inda ka tabbata akwai wuta, gwada kowace waya da kowace, har da ta ƙasa, sannan ka sake gwada na'urar ko ta mutu a hannunka.

Ejan kuwa, toshe lambarsa yau. Ana duba katin ECS ta intanet cikin minti ɗaya. Na san wani ɗan garinmu da ya sayi irinsa, aka gane shi a ƙofar wurin gini tun kafin ya sa hular kwano, kuɗin sun tafi, ejan ya canza layi. Kai da bizarka ke rataye da ta matarka, takardar jabu ba kai kaɗai za ta shafa ba. Hanyar gaskiya tana nan: kwas ɗin 18th Edition (littafin ƙa'idojin wayarin na Ingila) na City & Guilds, 'yan kwanaki ne, sai shaidar ƙwarewar sana'a ta mataki na 3 da gwajin hannu na AM2. Kafin nan ka nemi aikin mataimaki a ƙarƙashin mai rajista. Mai shekara 11 a sana'a ba zai daɗe yana riƙe tsani ba.

Sai kawu. Girmansa yana nan, amma a wannan magana bai da gaskiya, kuma kiran Hajiya da ya yi bai kyauta ba. Arha yake nema, ya lulluɓe ta da zumunci. Idan gobara ta tashi a kicin ɗin, abin da kamfanin inshora zai fara tambaya shi ne wa ya yi aikin, ina takardar gwajinsa. In kuma akwai masu haya a saman shagon da suke shan wuta daga layi ɗaya da shi, aikin ya shiga ƙarƙashin dokar gini ta Part P, wadda ke aiki tun 2005, dole a sanar da hukuma sabon layi. Ranar da aka zo bincike, sunanka za a ambata.

Kada ka yi musu da shi. Ka ce masa ya ɗauko mai rajista da NICEIC ko NAPIT, ƙungiyoyin da ke yi wa masu aikin wuta rajista, kai ka yi jan waya da fasa bango a ƙarƙashinsa, kuɗin aikin ya ragu. Hajiya kuma ka kira ta da kanka, ka gaya mata wuta ta riga ta jefar da kai sau ɗaya a shagon. Na tabbata wannan ɓangaren kawu bai faɗa mata ba.