Yadda ake shiga mutane a Legas

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce wata biyu ke nan da saukarka Agege, daga ɗaki sai wurin aiki, kuma bakinka nauyi yake yi in ka ga baƙuwar fuska. Kana tambaya ta ina ake farawa.

Fara da masallacin layinku. Ka lazimci asuba da magariba a nan kwana bakwai zuwa goma, in an sallame ka miƙa wa na damanka da na hagunka hannu, kada ka nemi komai. Bayan nan ka roƙi mai masaukinka ya kai ka ka gaida liman da mai unguwa, in hali ya yi har fadar Sarkin Hausawa. Ka riƙe goro ko guda goma ne. Wannan rakiyar kada ka raina ta: a garin da kowa ke tsoron ɗan damfara, wanda aka kawo ya fi wanda ya kawo kansa.

In ka iske majalisa a teburin mai shayi, yi sallama da muryar da za a ji. Fara da babba, ka rusuna, ka ba shi hannu biyu. Faɗi sunanka, garinku da wanda ya sauke ka, sannan ka zauna daga gefe ka saurara. Minti goma sha biyar ya isa ranar farko. Tashi tun ana marmarinka, gobe ka dawo. A nan samari da yawa suke ɓata rawarsu da tsalle: daga "ina wuni" sai "a taimaka min da aiki", ko neman rance. Daga ranar, duk sallamar da suka yi roƙo ake jin ta.

Maƙwabtanka Yarbawa kuwa mutane ne masu son gaisuwa ƙwarai. Koyi "e kaaro" da safe, "e kaasan" da rana, "e se" wajen godiya. Wannan "e" ita ce ta girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba "ku". In ka yar da ita gaban dattijo, raini zai ɗauka. Kada ka kira babba da sunansa, ka ce Baba ko Mama, kuma kada ka miƙa kuɗi da hagu. Ba sai ka kwanta ƙasa kamar 'ya'yansu ba, rusunawa ta wadatar. Wanda ya kira ka "aboki", amsa da sakin fuska ka gaya masa sunanka.

Sanayya ba ta zama zumunci sai da ƙafa. Suna, ɗaurin aure, dubiya, balle ta'aziyya: in ka ji, ka je. Wanda ya sha cunkoso a danfo, wato bas ɗin haya, daga Agege zuwa Idi-Araba ko Mile 12 don ya yi gaisuwar rasuwa, ba a manta shi. Adashe dai, kada ka zuba sai ka ga zagaye ɗaya ya kammala kowa ya kwashi nasa.