Amsoshin Tambayoyi: Murjani Masu Kama da Juna, da Hoton da Ke Cinye Kuɗinku

Tambaya: Mai kaya ya turo mini hotunan murjani uku don akwatin gilashina na ruwan teku, wai tocila, guduma da ƙwan kwaɗo. Ni duk ɗaya nake gani.

Amsa: Malam, ka bar launi, ka dubi ƙarshen yatsun, wato silin nama masu laushi da waɗannan dabbobin teku ke miƙowa daga ƙashinsu. Tocila, wato Euphyllia glabrescens, yatsunta dogaye ne, kowanne ya ƙare da dunƙule guda kamar kan ashana. Na guduma ƙarshensu ya baje gefe biyu, wani lokaci ya lanƙwashe kamar wake. Na ƙwan kwaɗo kuwa yatsa ɗaya ne ke rarrabuwa, ya fitar da ƙwayoyi birjik. Tun 2017 masana suka mayar da guduma da ƙwan kwaɗo cikin dangin Fimbriaphyllia, kuma su biyun sukan zauna kusa da juna lafiya. Tocila kuwa tana harbin maƙwabtanta da dafi: ka ba ta tazarar santimita 15 ko fiye. A guduma da ƙwan kwaɗo, ka kuma tambaya ko ƙashin mai rassa ne ko mai katanga. Na fi ba sabon shiga shawarar mai rassa, domin idan wata ruɓa mai kama da yauƙi ruwan kasa ta kama kai ɗaya, sai a yanke shi a jefar. A mai katanga bin naman take yi har ta gama da shi.

Tambaya: Murjanin Goniopora da na Alveopora fa, yaya ake bambanta su?

Amsa: Ƙirga yatsun da ke kewaye da baki ɗaya. Goniopora 24, Alveopora 12. Alveopora ta fi haƙuri a hannun mai koyo.

Tambaya: Zan iya zuba gishirin miya a tankin kifayena na ado in sa murjani?

Amsa: A'a. Murjani dabba ce mai rai, ba furen roba ba. Sai gishirin da aka haɗa don wannan aiki, da ruwan da aka tace tas, ma'aunin gishiri ya tsaya a 1.025. Wanda bai san wannan ba, bai kai sayen komai ba tukuna.

Tambaya: Na biya kuɗi mai yawa a WhatsApp kan tocila da aka ce mai ruwan zinari ce. Da ta iso sai na ga ruwan kasa. An cuce ni?

Amsa: Ƙanena, wataƙila ita ɗin aka aiko maka, hoton ne ya yaudare ka. Wannan abu yana ci mini rai. Ana ɗaukar hoto ƙarƙashin shuɗiyar fitila zalla, a sa wa kyamara gilashi ruwan lemo, sai murjanin da ke ko'ina ya riƙa ƙyalli. Daga nan a raɗa masa suna mai daɗi, farashi ya ninka. Sunayen nan na kasuwa ne, ba su canza jinsi. Mutumin da ba zai sayi ragon layya ba sai ya taɓa ƙugunsa, shi ne zai tura kuɗin buhunan shinkafa kan hoto ɗaya! Ku nemi bidiyo na ranar, ƙarƙashin farar fitila, da hannun mai kaya a gefe don ku ga girma. Ku ce a kaɗa ruwa yatsun su janye, ku ga ko nama ya rufe gefen ƙashin ƙasa da kai. Farin ƙashi mai kaifi a fili alama ce naman na ja da baya. Wanda ya koɗe har kana hango cikinsa, ba launi ne na musamman ba: ƙananan tsirran da ke ciyar da shi ne suka fita saboda wahala. Sannan duk murjani mai ƙashin dutse yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, don haka wanda ya shigo daga Indunusiya ko Ostireliya da takardar izini yake fitowa. Mai kayan da ke kwana-kwana idan an tambaye shi, ku rabu da shi. Kuma kafin a sayi ko kai ɗaya, ina injin sanyaya ruwa da batirin ko-ta-kwana? Ruwan digiri 25 zuwa 26 suke so. Zafin Afrilu ya haɗu da ɗauke wuta na yini guda, tsada ba za ta cece su ba.

Tambaya: Murjanina yana fitar da zare-zare da dare, hankalina ya tashi. Wani ya ce Favia ne, wani ya ce Favites.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, lafiyarsa ƙalau, abinci yake nema. Ki ba shi 'yan ƙananan jatanlande sau ɗaya ko biyu a mako bayan an kashe fitila, ki nisanta maƙwabtansa kaɗan. Da rana ki duba tsakanin bakunan. Idan kowanne yana da katangarsa, da ɗan kwari a tsakani, shi ne ake sayarwa da sunan Favia. Idan katanga ɗaya suka raba kamar saƙar zuma, Favites ne. Kulawarsu ɗaya ce: haske matsakaici, ruwa mai motsi a hankali.